Fedar obadiraif ta mayar mini da jita gidan rina: laifin wane ne?

Mai Jita, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawonta. Shekara uku ke nan ina kaɗa jitar lantarki, galibi a ɗakina, sai jefi-jefi a wurin biki idan abokaina 'yan fiyano suka neme ni. Abin da ya ja ni ga jita tun farko shi ne kiɗan Buzayen Nijar, irin na Bombino da Mdou Moctar, musamman yadda tsirkiya ɗaya take yin kuka mai kauri ta kuma daɗe ba ta mutu ba. An ce mini sirrin yana cikin wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, wanda ake kira fedar obadiraif. Na yi adashi na wata huɗu, na aika Kano aka sayo mini guda ta hannu, koriya mai maɓalli uku, kwaikwayon wadda ake kira Tube Screamer.

Ranar Asabar da ta wuce na fita da ita wurin wani biki a Layout. Da aka zo wurin da zan yi kiɗa ni kaɗai na taka ta, sai wata irin ƙara ta fito kamar an taɓa gidan rina, har wata dattijuwa da ke zaune kusa da lasifika ta toshe kunne da mayafinta. Mai kula da sauti ya harare ni, ya rage ni ƙasa, daga nan har aka tashi ba a sake jin jitata ba. Shin jabu aka sayar mini, ko kuwa akwai abin da ban sani ba?

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Layi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu ɗora wa mai kanti laifi, ka faɗa mana abu uku. Wayar da ta fito daga fedar, ina ka soke ta? A ina ka ajiye maɓallan nan uku? Sannan da me ka ba ta wuta, batir ko adafta?

Mai Jita, Ƙofar Marusa:
Yaya, kai tsaye na soke ta a miksa, wato na'urar da mai kula da sauti yake haɗa dukan kayan kiɗa a cikinta, domin ƙaramin amfilifayata na gida ba ya kai ko'ina a fili. Maɓallan kuwa duka ukun na murɗe su har ƙarshe, wanda aka rubuta Drive da Tone da Level, don na ɗauka tunda na biya kuɗi sai in ci moriyarta gaba ɗaya. Wutar kuma da adaftar wata tsohuwar na'urar intanet na ba ta, wadda wani abokina ya juya mata waya.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Layi:
To, ai ka amsa tambayarka da kanka har sau uku. Amma zan bar Malam ya fara shimfiɗa tushen, domin ya fi ni iya bayani, ni kuma in biyo da abin da ke cikin akwatin.

Malamin Kimiyya, Ƙofar Ƙaura:
Na gode, Oga. Ɗalibi, idan ka kaɗa tsirkiya ta biyar ba tare da ka danne ta ba, tana kai da komowa sau 110 a daƙiƙa ɗaya. Maganaɗisun da ke ƙarƙashinta, wanda kuke kira fikof, yana mayar da wannan kai da komowa ya zama 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda yawanci ba ta cika kai bolt ɗaya ba. Da za ka zana ta a takarda, za ka ga tudu da kwari suna bin juna. Aikin amfilifaya na asali shi ne ya girmama tudun da kwarin ba tare da ya sauya siffarsu ba, sai dai kowane amfilifaya yana da iyakar da wutarsa ba za ta wuce ba.

Ka dubi mai awo a kasuwa. Idan ta zuba gero a kwano, yana hawa har ya yi tozo, amma kwanon ba ya ƙara girma don an ƙara zubawa. Abin da ya wuce baki dole ya zube. Haka tudun nan yake idan ya bugi iyaka: kansa zai aske. Wannan askewar ita ce dukan abin da muke magana a kai. Idan aka shafe tozon da tafin hannu a hankali, ya bar ɗan gangare, wannan shi ne obadiraif. Idan aka sa wuƙa aka share shi daidai da bakin kwano, an shiga abin da ake kira distoshan, idan kuma aka matsa har tudun ya koma kamar tubalin bulo mai kusurwa huɗu, an kai ga faz.

Me kunne yake ji idan kan tudu ya aske? Lissafi ya nuna cewa duk igiyar da aka sauya wa siffa ta wannan hanya tana haifar da 'ya'ya, wato sababbin sautuka da suke ninkin na asali. Idan an aske sama da ƙasa daidai wa daida, tsirkiyar 110 za ta haifi 330 da 550 da 770, haka har sama. Idan aka aske gefe ɗaya fiye da ɗaya, sai 220 da 440 su ma su shigo. Wannan 220 kuwa ita ce dai muryar asalin a hawa na sama, kamar yaro da babansa suna rera waƙa ɗaya, shi ya sa ba ta damun kunne. Amma 770 da wasu da yawa na samanta ba su zauna daidai a kan kowane gurbi na wuyan jitarka ba, kuma gwargwadon kaifin askin, gwargwadon yawansu da ƙarfinsu. Su ne rinan da suka tashi ranar Asabar.

Mai Jita, Ƙofar Marusa:
Malam, ke nan fedar ba ƙarfi take ƙara wa jita ba, rage mata wani abu take yi? To ina tsawon kukan da nake nema yake fitowa?

Malamin Kimiyya, Ƙofar Ƙaura:
Tana yin duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Da farko tana ninka wutar jitar sau da yawa, sannan ta aske abin da ya wuce iyaka. Lokacin da ka bugi tsirkiya tana da ƙarfi, sai ta riƙa raguwa. Amma tun da an cika kwanon fiye da kima, ko da geron da ake zubawa ya ragu zuwa rabi ko kwata, kwanon yana nan a cike. Kunne ba zai ji raguwar ba sai can da tsirkiyar ta yi rauni ƙwarai har ta kasa kai bakin kwano. Tsawon kukan ke nan. Farashinsa kuma shi ne, bambancin da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da bugu mai taushi yana raguwa, kuma duk wata ƙaramar ƙara da ke cikin waya ita ma an ninka ta.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Layi:
Malam ya gama da ka'ida, bari in buɗe akwatin. Asalin wannan koriyar feda ta kamfanin Ibanez ce, samfurin TS808, wadda ta fito a 1979, kuma wani injiniya ɗan Japan mai suna Susumu Tamura na kamfanin Maxon ne ya tsara ta. Na buɗe kwaikwayonta da dama, kusan duka tsari ɗaya suke bi. A ciki akwai ƙaramar aisi mai ƙafa takwas, lamba 4558, ita ce mai ninka wuta. Maɓallin Drive yana sauya ninkin daga kamar sau 12 zuwa kamar sau 118. Masu askin kuwa wasu dayod ne guda biyu, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, an haɗa su ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Dayod na silikon ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa sai ta kai kimanin bolt 0.6, daga nan sai ya buɗe. Ɗaya yana tsare tudu, ɗaya yana tsare kwari.

Inda aka dasa dayod ɗin shi ne ya raba gardama. A wannan feda an sa su a kan hanyar da wuta take komawa daga bakin aisi zuwa gindinta, saboda haka idan suka buɗe, ninkin ne yake faɗuwa, kuma muryar jitar ta asali tana nan tana wucewa tare da wadda aka aske. Shi ya sa askin yake da taushi. A wasu fedoji kuwa, kamar Boss DS-1 ta 1978 da kuma ProCo Rat, an sa su ne bayan aisi suna zubar da rarar wuta ƙasa kai tsaye, wannan shi ne askin wuƙa da Malam ya faɗa. Ita kuma Boss SD-1 ta 1981, mai ruwan ɗorawa, dayod uku gare ta, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, don haka tana aske gefe ɗaya fiye da ɗaya.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba, alhali a ganina ya fi dayod ɗin muhimmanci. Kafin a yi askin, akwai rizista mai 4.7k da kafasita mai 0.047 da suke tace abin da za a ninka. Duk sautin da yake ƙasa da kaɗawa 720 a daƙiƙa ba ya samun cikakken ninki, kuma gwargwadon kaurinsa, gwargwadon yadda ake rage masa. Bayan askin kuma akwai wata matata da take rage na sama. Abin da ya rage a tsaye shi ne tsakiya, inda muryar mutum take da ƙarfi. Wannan ne ya sa koriyar feda take da murya kamar mai magana ta hanci, kuma shi ne ya sa take ratsa ganga da fiyano ta fito fili. Da ka murɗe Tone har ƙarshe, ka buɗe wa na sama ƙofar da mai tsarin ya yi niyyar rufewa.

Dattijo, Daura:
Sallama gare ku 'ya'yana. Jikana ne ya karanta mini wannan zance, ni kuma na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Na kaɗa garaya tun ina saurayi, daga baya na koma jita, mun sha ƙetare Kwangwalam zuwa Damagaram yin wasa. Abin da nake so in tuna muku shi ne, wannan zizar da kuke ta lissafi a kanta ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Ku saurari kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, a kan sandarsa akwai ɗan farantin ƙarfe mai zobba da yake zizza duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Ku dubi gangar fada, an ratsa tsirkiya a kan fatarta don kada amonta ya fito fes. A wurinmu, kayan kiɗan da ba ya zizza kamar miya ce ba daddawa. Turawa sun yi ta fama su cire ta daga na'urorinsu, daga baya 'ya'yansu suka dawo suna sayenta da kuɗi.

A zamaninmu ba mu da feda. Muna da wani amfilifaya mai kwalabe a ciki, irin waɗanda suke yin ja idan sun yi zafi. Idan taro ya cika sai mu ƙure shi, shi kuma sai muryarsa ta yi kauri ta dushe kaɗan kamar ta maroƙin da ya kwana yana kirari. Ba mu san sunan abin ba, mun dai san yana da daɗi.

Malamin Kimiyya, Ƙofar Ƙaura:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da kuka ji a wancan amfilifaya shi ne ainihin abin da aka ƙera fedar don ta kwaikwaya, domin kwalabe, waɗanda masu gyara suke kira bawul, ba sa aske tudu farat ɗaya, suna lanƙwasa shi ne sannu a hankali. Tarihin ma ya goyi bayanku, don a 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ta Ingila reza ya sa ya tsaga takardar lasifikarsa da gangan domin ya samu wannan dushewa, shekara biyu bayan Gibson ta fitar da fedar faz ta Maestro a 1962.

Sai dai, da izininku, akwai inda kwatancen kuntigi bai cika zama daidai ba. Zobban ƙarfe suna da tasu muryar, wadda ba ta bin muryar tsirkiya. Ko Ɗanmaraya ya hau sama ko ya sauko, zobban suna zizarsu iri ɗaya, an ɗora ta ne a kan kiɗan. A feda kuwa babu wani abu na biyu da yake ƙara, tsirkiyar ce da kanta aka sauya wa siffa, saboda haka zizar tana hawa da sauka tare da ita. Wannan ne ya sa feda take iya ɓata kiɗa ta hanyar da zobba ba za su iya ba.

Dattijo, Daura:
Malam, na karɓi gyaranka a kan yadda abin yake aiki, amma ban janye maganata a kan kunne ba. Dattijuwar da ta toshe kunne a Layout, ina da tabbacin ta sha rawa a gaban ganga mai zizza ba ta toshe ba. Ba zizar ta ƙi ba, wadda aka ba ta ce ba ta da daɗi.

'Yar Situdiyo, Rafin Daɗi:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ina ganin har yanzu ba a kama babban mai laifin ba. Shekara shida ina ɗaukar sauti, kuma wannan kuskuren na soke feda kai tsaye a miksa na gan shi ya fi a ƙirga. Lasifikar amfilifayar jita, irin mai inci 12, ba ta iya fitar da sauti mai kaifi sosai. Daga wajen kaɗawa 5,000 a daƙiƙa zuwa sama sai ta yi sanyi. A wurin mai sauraron rediyo wannan aibi ne, amma a wurin mai jita rahama ce, domin ita ce rariyar ƙarshe da take tace rinan da Malam ya lissafa. Masu tsara fedoji sun san da wannan rariya, sun kuma gina aikinsu a kan cewa tana nan. Lasifikar biki kuwa tana da ƙaramar kakaki a samanta, wadda muke kira tuwita, aikinta ke nan ta fitar da duk abin da ya wuce 5,000 har zuwa inda kunne yake ƙarewa. Ƙanena, ka dafa tuwo da garin da ba a tankaɗe ba, sannan kana tambaya ko geron ne jabu.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka tafi da ƙaramin amfilifayar nan da ka raina. Ka soke fedar a cikinsa, a ajiye makirfo a gaban lasifikarsa, kamar tazarar yatsu uku, ba daidai tsakiyarta ba, a ɗan goce gefe inda kaifin ya ragu. Makirfon ne zai tafi miksa. Idan hakan bai yiwu ba, akwai ɗan akwati da yake kwaikwayon lasifikar jita da ake sawa tsakanin feda da miksa. Idan shi ma babu, sai ka roƙi mai miksa ya rage maɓallin kaifi na layinka sosai. Ba zai yi kyau kamar na farko ba, amma ba wanda zai toshe kunne.

Wani abu kuma da ya shafi mu nan musamman, don mun fi kowa son eko. Idan kana da fedar eko, ta zo bayan obadiraif, kada ta zo gabanta. Idan ta riga ta, duk maimaicin da take yi zai shiga kwano ɗaya da sabon bugu a aske su tare, sai kiɗan ya dame kamar kunu.

Mai Fiyano, Ƙofar Ƙwaya:
Ni dai da girmamawa ga kowa, ina ganin wahala ce kawai ake sha. Yau akwai na'ura guda ɗaya mai kwamfuta a ciki da take ɗauke da kwaikwayon fedoji da amfilifaya da lasifika barkatai, ka soke ta a miksa ka huta. Ni kaina ina da muryar jita mai gurzawa a fiyanona, kuma ban taɓa jin amarya ta yi ƙorafi ba. Sannan wannan harka cike take da camfi. Akwai wata feda mai suna Klon Centaur da Bill Finnegan ya fara haɗawa da hannu a Amurka a 1994, yau ana sayar da tsohuwarta dubban daloli. Oga, kai da kake buɗe su, akwai zinariya ne a ciki?

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Layi:
Babu zinariya, abokina, kuma a kan camfi ina tare da kai. Wannan aisi 4558 da wasu suke rantsuwa cewa sai tsohuwar ta kamfanin JRC ce take da daɗi, ita ce fa aka cika rediyoyin kaset na Japan da ita saboda arha. Ina da gwangwanin madara cike da waɗanda na ciro daga matattun rediyoyi. Na taɓa sauya ta da sabuwa a fedar wani yaro ba tare da na faɗa masa ba, ya zo ya gwada ya ce ta fi da.

Amma Klon tana da dabara ta gaskiya, ba suna kaɗai ba. Tana ɗaga wutar batir daga bolt 9 zuwa 18 a cikinta don aisin ta samu sarari, tana amfani da dayod na jamaniyam da suke buɗewa tun daga kimanin bolt 0.3, sannan tana gauraya muryar da ba a taɓa ba da wadda aka aske. Duk wannan ana iya kwaikwayonsa da kuɗi kaɗan, kuma an kwaikwaya. Tsadar ta ƙarancinta ce.

Inda na rabu da kai shi ne batun na'ura mai kwamfuta. Ban ce ba ta da kyau ba, amma idan ta mutu a Katsina ta mutu ke nan, sai dai a jefar. Koriyar fedar ƙanena kuwa babu abin da ke cikinta da ba zan iya sauyawa da dalma da ƙarfen liƙi ba. Kuma wanda bai san abin da maɓalli uku suke yi ba, idan ka ba shi ɗari uku ka ƙara masa ruɗani ne.

Mai Fiyano, Ƙofar Ƙwaya:
Wannan hujjar mai gyara ce, Oga, kowa ya san inda abincinka yake. Amma na yarda cewa muryar jitar fiyanona ba ta sauyawa ko na danna da ƙarfi ko a hankali, sai dai ta ƙara ƙara kawai.

Dattijo, Daura:
To ka zo wurin da nake jira, ɗana. Mai tambaya, ka saurara. Abin da ya sa kukan jitar Buzaye yake taɓa zuciya ba yawan gurzawa ba ne. Na zauna kusa da su a bukukuwa a Damagaram, na ga yadda yatsa yake bugun tsirkiya ya ɗaga, ya ja, ya saki, a yayin da babbar tsirkiya take ta gunji a ƙasa. Idan ya taɓa a hankali muryar tana fita garau, idan ya ciza sai ta dushe. Wannan shiga da fita tsakanin garau da dushewa shi ne maganar da jitar take yi. Kai da ka ƙure maɓallin, ka hana ta garau ɗin gaba ɗaya, ka mayar da ita mai shela da ba ya iya raɗa.

Mai Jita, Ƙofar Marusa:
Baba, na ji, Allah ya saka da alheri. Akwai sauran abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Ko a gida, idan na kaɗa tsirkiya ɗaya da fedar tana da daɗi, idan na haɗa biyu wani lokaci tana da daɗi, amma da na kama duka shida sai komai ya cakuɗe. Me ya kawo haka?

Malamin Kimiyya, Ƙofar Ƙaura:
Tambaya ce mai kyau. Idan sautuka biyu suka shiga wurin aski tare, ba 'ya'yan kowannensu kaɗai ake samu ba, ana samun na tsakaninsu, wato jimlarsu da kuma bambancinsu. Ɗauki 110 da 165, waɗanda suke kan ma'aunin biyu da uku. Bambancinsu 55 ne, rabin 110 daidai, saboda haka sabuwar muryar da aka haifa ita ce dai ta asalin a hawa na ƙasa, sai kiɗan ya ƙara nauyi. Wannan ne dalilin da ya sa masu kiɗan rok suke yawan kama tsirkiya biyu kacal a wannan tazara. Yanzu ɗauki 110 da 138.6, tazarar da ke cikin cikakken kamu na yau da kullum. Bambancinsu 28.6 ne, wanda ba ya zama daidai da ko ɗaya daga cikinsu, kuma shi ma zai sake haɗuwa da sauran ya haifi wasu. Da tsirkiya shida, irin waɗannan baƙi sun fi 'yan gida yawa. Maganin shi ne ka rage Drive, ko ka rage yawan tsirkiyar da kake bugawa a lokaci ɗaya. Maɓallin ƙara na jikin jitar ma yana wannan aiki: ka mayar da shi bakwai sai geron ya daina kai bakin kwano, ka mayar da shi goma idan lokacin kukan ya zo.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Layi:
Ka fara da Drive a wajen ƙarfe tara na agogo, Tone a ƙarfe goma sha ɗaya, sannan ka daidaita Level har ƙarar ta ɗan ɗara ta lokacin da fedar take kashe. Za ka karanta cewa marigayi Stevie Ray Vaughan, mai jita ɗan Amurka, yakan rage Drive ya ƙure Level, kuma gaskiya ne an san shi da wannan feda, amma shi amfilifayar Fender mai kwalabe yake turawa da ita, kwalaben ne suke ƙarasa askin. Naka na taransista ne, idan ka tura shi haka zai aske da wuƙa.

Adaftar nan kuma ka daina amfani da ita daga yau. Waɗannan fedoji suna son bolt 9 tsayayye, kuma tsakiyar filoginsu nagatif ne, akasin yawancin adaftocin gida, Allah ya taimake ka abokinka ya juya wayar daidai. Adaftar na'urar intanet sau da yawa bolt 12 ce, kuma ba a tace ta don sauti ba. Fedar ba ta cin wuta, abin da take ja bai kai miliamfa 10 ba, batir mai bolt 9 zai daɗe maka, muddin kana zare wayar jita daga jikinta bayan ka gama, domin soke wayar ne yake kunna batirin. Da hunturu kuma ka riƙa sa ta a leda, ƙura tana shiga maɓallan su riƙa ƙarar yashi idan an murɗa.

Mai Jita, Ƙofar Marusa:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Jiya mun yi wasa a wani suna a Sabuwar Unguwa. Na tafi da ƙaramin amfilifayar, na ɗora shi a kan kujerar roba, aka sa masa makirfo a gefe kamar yadda Anti ta ce. Na sa batir sabo, na ajiye maɓallan inda Yaya ya faɗa. Rinan sun tafi. Na gwada abin da Baba ya ce, na fara a hankali sannan na ciza, sai na ji tsirkiya ta uku ta buɗe baki kamar ba tawa ba, har mai ganga ya juyo ya dube ni. Sai dai da aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, wani gunji ya shigo duk lokacin da na taka fedar, kuma yana raguwa idan na juya na fuskanci gabas, ya dawo idan na fuskanci rumfar.

'Yar Situdiyo, Rafin Daɗi:
Madalla da wannan labari. Gunjin da yake sauyawa idan ka juya jiki ba daga fedar yake ba, fikof ɗinka ne yake tsintarsa daga iska, ita kuma fedar ta ninka shi. Ina zaton jitarka irin ta Stratocaster ce mai siraran fikof uku. Idan haka ne, ka gwada mayar da makunnin zaɓi zuwa matsayi na biyu ko na huɗu, inda biyu suke aiki tare, a yawancin na zamani an naɗa na tsakiyar a juye don ya kashe gunjin.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Layi:
Idan hakan bai wadatar ba, ka kawo mini jitar ranar Alhamis bayan La'asar in duba wayar ƙasa da ke zuwa gadar tsirkiya, in kuma shimfiɗa mata takardar ƙarfe a cikin ramin fikof. Ka zo da wayarka ta jita ita ma, domin ina zarginta, ka kuma zo da adaftar nan in auna ta in ga bolt nawa ta yi ta ɗura wa fedar.